Ajiyar zuciya: Dabarar numfashi da za ta iya rage wa manoman arewacin Kano zafin damuwa

A tsakiyar watan Yuni, magidanci a ƙauyukan Dambatta, Makoda ko Bichi ba kasafai yake samun barcin kirki ba. An yi ruwan shuka, an zuba iri, sai kuma sama ta ɗauke kwana goma babu ko yayyafi.

Da asuba zai fito ya dubi gabas ko akwai hadari. Daga masallaci ya zarce gona, ya tona rami ɗaya ya ga ko geron ya tsiro ko ya ƙone a ƙasa. Kuɗin taki bai cika ba, hatsin rumbu ya kusa ƙarewa, mai bin bashi kuma ya riga ya aiko sau biyu.

A daidai wannan lokacin ne, ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara, ake bikin Ranar Yoga ta Duniya. A hotunan da ke yawo a waya za a ga mutane a Indiya da Turai sun shimfiɗa tabarmin roba a fili, sun rufe ido suna jan numfashi. Wanda ya yini riƙe da fartanya a rana, idan ya gani, cewa zai yi wannan harkar 'yan hutu ce.

Sai dai a cikin abin da suke yi akwai ɓangaren da ba ya buƙatar kuɗi ko tabarmar roba ko barin gona, wato sarrafa numfashi. Bahaushe ma ya daɗe da sanya wa mafi sauƙinsa suna: ajiyar zuciya.

Gona ƙarama, baki da yawa

Ƙauyukan da suka kewaye birnin Kano na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a yankin Afirka mai ƙarancin ruwan sama. Masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba.

Sirrin aiki ne tuƙuru. Ana kai takin gida a mangala bisa jaki, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, ana tara harawa da karmami saboda awaki da tumaki, su kuma su mayar da taki. Wannan tsari ya ciyar da jama'a shekaru aru-aru, amma ba shi da sarari na kuskure. Duk rabon gado yana ƙara yanka gonar, kuma fashin ruwa na mako biyu kan iya rushe lissafin shekara.

A 'yan shekarun nan an ƙara wa manomin kaya a kan kaya. A farkon 2023 an yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na ban ruwa suka tashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A 2025 kuma an samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da jihar Katsina.

Daga Yuni zuwa Agusta ne abin ya fi tsanani. Noman firi da maimai ba sa jira, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Abin da damuwa ke yi wa jiki

Idan mutum ya yi kiciɓis da maciji a kunya, jikinsa ba ya jiran shawara. Nan take yake sakin wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure, jini ya hau. An halicci jiki haka ne domin ya iya gudu ko ya kare kansa, kuma da zarar macijin ya wuce komai yakan koma daidai.

Matsalar ita ce jiki yana amsa tunanin bashi da fargabar fari kamar yadda yake amsa maciji, su kuwa ba sa wucewa cikin minti biyar. Mutum ya kwana da su, ya tashi da su, wata da watanni. Daga nan ne ake fara jin ƙorafin da aka saba ji a ƙauye: gabana yana faɗuwa, kaina ya yi nauyi, wuyana ya riƙe, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga. Damuwar da ta daɗe tana cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini.

Akwai kuma asarar da ba ta nuna a jiki. Wanda zuciyarsa ke tafasa ba ya lissafi da kyau. A irin wannan halin ne ake jinginar da gona a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, ake furta saki a kan tuwon da bai dahu da wuri ba, ake ɗaga sanda saboda akuyar maƙwabci ta shiga wake. Bayan hankali ya dawo sai da-na-sani, wadda Bahaushe ya ce ƙeya ce.

Wasu kuma sukan nemi sauƙi a ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe ciwo irin su tiramol suke sha ba bisa umarnin likita ba. Duk wanda ya san 'yan ƙwadagon damina ya san ƙwayar ba baƙuwa ba ce a bakin gona.

Mene ne yoga, kuma me malamai suka ce?

Yoga tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Indiya, mai tushe a addinan can, musamman Hindu. Abin da ya yaɗu a duniya a yau ya ƙunshi abubuwa uku: miƙe gaɓoɓi da tsayawa a wani yanayi na ɗan lokaci, sarrafa numfashi, da tattara hankali wuri guda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar 21 ga Yuni a matsayin ranarta a watan Disamba na 2014, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi, aka fara bikin a 2015.

Saboda asalin nata, Musulmi da yawa suna ɗari-ɗari da ita, kuma maganar ta kai gaban majalisun malamai. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga, tana kafa hujja da ambato da ibadun Hindu da ke cikinta. A watan Janairu na 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: ta haramta wadda aka haɗa da ambaton addinin Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 Saudiyya ta sanya koyar da yoga cikin jerin harkokin wasanni da ake ba wa lasisi.

Wannan rarrabewar ita ce ta shafi manomin Kano. Jan numfashi a hankali da miƙe baya ba mallakin wani addini ba ne. Likitoci suna koyar da su a asibitoci ba tare da wani ambato ko sunan yoga ba.

Abin da bincike ya nuna

Numfashi ya bambanta da sauran ayyukan cikin jiki. Mutum ba zai iya umartar zuciyarsa ta rage gudu ba, amma zai iya rage saurin numfashinsa, ita kuma zuciya tana bin sa. Duk lokacin da aka ja iska, bugun zuciya yakan ɗan ƙaru. Idan ana fitarwa yakan ɗan ragu, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki. Shi ya sa tsawaita fitar da iska yake kwantar da jiki.

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya wallafa bincike a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ. Ya auna mutum 23 suna maimaita addu'ar carbi ta mabiya ɗariƙar Katolika, da kuma ambaton yoga. A duka biyun numfashinsu ya sauko zuwa kusan sau shida a minti, bugun zuciya da na jini suka shiga tafiya daidai da shi. Darasin shi ne maimaita lafazi cikin natsuwa da kansa yana rage saurin numfashi.

A 2023 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada mutum sama da 100 na tsawon kwana 28, kowa minti biyar a rana. An raba su rukuni huɗu, uku suna salon numfashi daban-daban, ɗaya yana zaman tattara hankali kawai. Duk sun samu sauƙi, amma waɗanda suka fi samun walwala su ne masu jan iska sau biyu a jere sannan su saki a hankali.

Duk uwar da ta taɓa rarrashin yaro ta san wannan numfashin. Shi ne wanda yaro ke yi bayan ya gama kuka, ya ja, ya ƙara ja, ya sauke, sai barci. Ajiyar zuciya ke nan. Abin da masanan suka ƙara shi ne a yi ta da gangan, a jere, kafin damuwa ta kai maƙura.

An kuma gwada irin waɗannan dabarun a inda babu hutu ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na koyar da jure damuwa a rukuni, wanda jan numfashi a hankali yake cikin darussan farko. An gwada shi da mata kusan 700 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a arewacin Yuganda, zama biyar, ana sauraron darasin da aka naɗa, masu jagorancin kuma ba likitoci ba ne. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna bayan wata uku damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su shiga ba.

Abin da ake da shi a gida

Mutumin karkarar Kano ba daga sifiri zai fara ba. Sau biyar a rana yana ajiye aiki, ya wanke fuska da hannuwa da ƙafafu da ruwa, ya tsaya, ya sunkuya, ya kai goshi ƙasa. Yaro tun yana makarantar allo ake koya masa cewa natsuwa a ruku'u da sujada na cikin farillan salla, kuma sananne ne hadisin mutumin da Annabi (SAW) ya sa ya sake sallarsa saboda ya yi ta da gaggawa. Salla ibada ce, manufarta ta wuce lafiyar jiki. Amma wanda ya ba ta haƙƙinta na natsuwa, ya zauna ya yi tasbihi a hankali bayan sallama, jikinsa ma yana cin moriya.

A kan fushi ma akwai koyarwa. An ruwaito a Abu Dawud cewa wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. A Bukhari da Muslim kuma an hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Magidanci ma alƙali ne a gidansa da gonarsa.

Haɗa ambato da numfashi ma ba sabon abu ba ne a Kano. Mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda Sheikh Nasiru Kabara ya jagoranta har rasuwarsa a 1996, suna da zikirin da ake kira anfasu, daga kalmar Larabci mai nufin numfashi.

Ga kuma ƙailula a gindin darbejiya ko gawo idan rana ta take, da hirar dandali bayan isha. Su ne abubuwan da ake fara yankewa idan aiki ya yi yawa, alhali a lokacin aka fi buƙatarsu.

Yadda ake yi cikin minti biyar

Mutum ya samu inuwa ya zauna, ko ya jingina da bango ko bishiya. Ya saki kafaɗunsa, ya ɗora hannu ɗaya a ciki.

Ya ja iska ta hanci har ya ji cikin ya taso. Kafin ya saki, ya ƙara ɗan ja kaɗan a kai har huhu ya cika. Sannan ya fitar ta baki a hankali, kamar mai hura koko mai zafi, har iskar ta ƙare. Ya maimaita. Ko sau uku aka yi ana jin bambanci, minti biyar kuma shi ne abin da aka gwada a binciken.

Wanda wannan bai yi masa ba, ga wata hanya. Ya ja iska yana ƙirga huɗu a zuci, ya fitar yana ƙirga shida. Wannan yana kai mutum kusa da numfashi shida a minti. Wanda ƙirge ke ɗauke masa hankali zai iya bin ƙwayoyin carbi ko gaɓoɓin yatsu.

Lokacin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne wanda aka jingina da abin da aka saba: bayan sallar asuba kafin a ɗauki fartanya, lokacin shan fura a gona, ko a kan shimfiɗa kafin barci. Sai kuma lokaci mafi muhimmanci, wato kafin a buɗe baki a ba mai bashi amsa, ko a yi magana da mai ɗaki cikin ɓacin rai, ko a sa hannu a takardar jingina.

Ga mai ciwon baya saboda sunkuyon noma, duk bayan 'yan kunyoyi ya miƙe tsaye, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan karkata baya a hankali yana fitar da iska. Da dare ya kwanta rigingine a tabarma ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji na ɗan lokaci. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sanya yoga da motsa jiki cikin abubuwan da ta ce a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon baya.

Matan gida fa?

Damina ba ta raga wa mata ba. Surfe da daka, girkin 'yan aiki da za a kai gona, raino, ga sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ga zubin adashi da ba ya jira. Idan hatsi ya yi ƙasa, ita ce ke fara sani, domin ita ke riƙe da mudun awo. Sau da yawa kuma ba ta da dandalin da za ta je ta fitar da abin da ke ranta.

Dabarar ta dace da ita domin ba ta buƙatar fita ko kashe ko sisi. Sharaɗi ɗaya shi ne ta matsa daga murhu, saboda jan hayaƙin itace ko na kara zuwa can cikin huhu illa ce. Mai juna biyu ta yi numfashin a hankali ba tare da riƙe shi ba. Mai jego da baƙin ciki ya lulluɓe ta, tana kuka babu dalili ko ta kasa kula da jaririnta, wannan ciwo ne da ake magani, a kai ta asibiti.

Inda numfashi ba ya kaiwa

Ajiyar zuciya ba ta sauko da farashin buhun taki, ba ta kawo ruwa, ba ta kori ɗan bindiga. Waɗannan haƙƙi ne a kan hukumomi, kuma bai dace a mayar da talauci laifin wanda bai iya numfashi ba.

Ba ta kuma maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa da zuwa awo. Wanda ya ji jiri ko yatsunsa suna tsira yayin yi, alama ce yana ja da ƙarfi ko da sauri, ya dakata ya koma numfashinsa na yau da kullum. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko tarin da ya wuce mako biyu, na asibiti ne kai tsaye. Da hunturu kuma a nemi wurin da ƙura ba ta kai ba.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin komai, ya daina ci da barci, ko ya fara cewa gara mutuwa, kada 'yan uwa su tsaya jiran ya huce. Akwai asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Dawanau, garin da manoman yankin suka sani da kasuwar hatsi, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa a nemi a tura mutum gaba.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma akasarinsu suna birane. Wannan giɓin ne ya sa dabarun da ma'aikacin lafiya na ƙauye, ko malamin gona, ko shugabar ƙungiyar mata za su iya koyarwa cikin minti goma suke da daraja.

Fashin ruwan Yuni zai sake zuwa, mai bashi ma zai sake aikowa. Abin da magidancin Dambatta ko Makoda yake da iko a kai shi ne 'yan mintocin da ke tsakanin isowar saƙon da amsar da zai bayar. Idan ya zauna, ya ja iska sau biyu, ya sauke a hankali kafin ya yi magana, mai yiwuwa gonar da zai jinginar yau ta kai kaka a hannunsa.